Kamu da Yadi: Darasi Daga Tabarmar Islamiyya



Wata ɗalibata ce a makarantarmu ta matan aure da ke kusa da Hubbare ta jawo wannan darasi. Ta sayi yadi biyar na hijabi wurin maƙwabciyarta mai sayarwa a cikin gida, da ta kai wa tela sai ya ce bai cika ba. Mai kaya kuwa ta rantse: "Wallahi Malama kamu goma na, da hannuna na auna!" Ba ƙarya ta yi ba. Matsalar dai ita gajeruwa ce, hannunta ma haka.

Kalmar kamu tana da fuska da yawa a bakinmu. Akwai kamun amarya, akwai kamun kai da ake yabon mace da shi, akwai kamun ƙafa wurin manya. Amma a wajen awo, kamu shi ne tsawon hannu daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya. Shi ne zira'i a littattafan fiƙihu. Ƙasa da shi akwai taƙi, wato buɗin tafin hannu, sama da shi kuma akwai gaba, idan mutum ya ware hannuwansa biyu. Da waɗannan ake auna saƙi da igiya a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817 aka binne shi a nan Hubbare. Yadi baƙo ne, awon Ingila ne da ya zauna daram a kasuwanninmu bayan zuwan Turawa Sakkwato a 1903, har sunansa ya koma sunan tufar kanta. Shi ya sa za ki ji an ce "yadin nan yana da kyau", alhali ba awo ake nufi ba.

Kamu ya shigo cikin ibadarmu. A mazhabar Malikiyya, suturar da mai salla ke kafawa a gabansa tsawonta kamu ɗaya ne. Haka nan a Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa Ummu Salama (RA) ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da sakin tufar mace, ya ba da izinin taƙi ɗaya. Da ta nuna ƙafa za ta bayyana, sai ya ƙara zuwa kamu ɗaya, ba a wuce shi ba. A irin waɗannan wurare hannunki ya ishe ki, domin tsakaninki da Ubangijinki ne, ba a ɗora miki neman tef ba.

Amma da zarar kuɗin wani ya shiga, magana ta canza. Yadi tsayayyen abu ne: inci 36, wato santimita 91 da 'yan kai. Kamu kuwa kowa da nasa. An saba cewa kamu biyu yadi ɗaya, to, amma hannun wa? Ki duba wannan lissafi. Malamai sun ƙiyasta zira'i da faɗin yatsu 24. Turmin atamfa yadi shida ne, kamu 12 ke nan. Idan hannunki ya gaza da yatsu biyu kacal a kowane kamu, kafin ki kai ƙarshe kin tauye yatsu 24, kamu guda cur, kusan rabin yadi! Ɗankwalin baiwar Allah ya tafi, ke kuma ba ki ma sani ba. Suratul Muɗaffifina da muke karantawa ta yi kashedi mai tsanani ga masu cika awo idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Da yawanmu mun ɗauka masu mudu da sikeli kaɗai ake nufi. A ganina mai jan yadin roba tana miƙe shi lokacin awo, ta san zai koma bayan an yanka, ita ma ta binciki kanta.

Wani wurin da ake ruɗewa shi ne mita. Mita santimita 100 ce, ta fi yadi. Shaddar da aka auno da mita, kamar yadda ake yi a Ƙonni can ƙetaren Illela, mita biyar ɗinta ta kusa yadi biyar da rabi. Don haka in an ce miki "biyar ne", tambayi: biyar na me? Tef ɗin ɗinki ma yawanci fuska biyu gare shi, ɗaya inci ɗaya santimita, kada ki auna da wannan ki sayar da sunan waccan.

Masu ɗinki a cikinmu kuma, ragowar yadi ba naku ba ne sai mai shi ta yafe. Ba ƙyallen da bai kai taƙi ba nake nufi, a'a, wanda zai fitar wa jinjiri riga.

Ita dai mai kayan can ta cika wa ɗalibata abin da ya gaza, tela kuma ya yanko mata sanda daidai yadi ɗaya ta rataye a ɗaki. Mako mai zuwa in sha Allahu kowace ɗaliba za ta zo aji da tef, mu auna kamun kowa mu rubuta a bayan littafinta.