Kafin Ka Sayi Motar Tsere Ta Hannu, Yi Lissafin Ranar Sayar Da Ita

Ƙanena, idan ranka ya biya wa Porsche, ko Mustang, ko Mercedes-AMG ɗin nan mai ƙofa biyu, ba zan hana ka ba. Guminka ne, motocin kuma akwai kyau. Abu ɗaya nake so ka riƙe: kuɗin da ka ƙirga wa dillali ranar saye ba shi ne abin da motar za ta ci maka ba. Abin da za ta ci shi ne ratar da ke tsakanin yadda ka saye ta da yadda za ka sayar, sai ka ɗora abin da bakanike da gidan mai da kamfanin inshora suka karɓa a tsakani. A irin waɗannan motoci, ratar nan kaɗai tana iya sayen fili. Ɗauko biro da takarda, mu bi ta daki-daki.

1. Fara da sanin wacce ke riƙe daraja

Motocin alfarma ba sa faɗuwa iri ɗaya. Kamfanin iSeeCars na Amurka, mai bin diddigin cinikin motocin hannu, ya fitar da lissafi a 2023 kan yadda farashi ke sauka cikin shekara biyar. Porsche 911 ce ta fi kowace mota riƙe kuɗinta, abin da ta rasa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Maserati Quattroporte da Ghibli da BMW 7 Series kuwa sun zubar da fiye da kashi 60.

Dalilin a fili yake. Tun 1964 ake ƙera 911, siffarta ba ta canza sosai ba, don haka ta shekara goma ba ta zama tsohon yayi a ido. Tana da masoya a duk duniya masu jiran ta hannu, kayan gyaranta kuma ana samu. Manyan motocin alfarma masu ƙofa huɗu kuwa, mai kuɗin sayen su sabuwa yake so, wanda zai sayi ta hannu kuma yana tsoron kuɗin gyara. Sai su tsaya a tsakiya, masu taya su kaɗan.

Gobe da safe ka buɗe Cars.com ko Autotrader na Amurka, da mobile.de na Jamus, da Dubizzle na Dubai. Ka nemi samfurin da kake so mai shekara 3, mai 5 da mai 8, ka rubuta farashin kowanne. Sannan ka leƙa shafin gwanjon motoci na Bring a Trailer, domin a can ana nuna abin da aka biya da gaske bayan an gama gwanjo. Farashin talla buri ne na mai kaya. Wanda aka sallama shi za ka gina lissafinka a kai.

2. Bari mai farko ya ɗauki babbar asara

Yawancin motoci a shekarun farko suke zubar da mafi yawan kuɗinsu, daga nan faɗuwar ta lafa. Mai shekara 3 zuwa 5, wadda mutum ɗaya ya hau, ita ce ta fi dacewa da kai. Ta sauko, amma ba ta tsufa ba.

Kada labarin 2021 da 2022 ya ruɗe ka. A lokacin, ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake saka wa motoci ya tsayar da masana'antu, har wasu motocin hannu suka fi sababbi tsada. Wannan yanayi ya wuce. Haka nan kada labarin Ferrari 250 GTO da aka yi gwanjonta a kan dala miliyan 48.4 a 2018 ya ruɗe ka: guda 36 kacal aka ƙera a duniya. Lamborghini Gallardo kuwa an ƙera fiye da 14,000 tsakanin 2003 da 2013. Ƙarancin abu ke ɗaga farashinsa, sunan kamfani kaɗai ba ya yi.

Motar lantarki irin Porsche Taycan, ka yi hattara da ita ninki biyu. Farashin ta hannu yana sauka da sauri, saboda kowane sabon samfuri yana zuwa da batirin da ya fi na baya, mai saye kuma yana tunanin kuɗin canza batir.

3. Yi lissafinka da dala

Nan ne mutanenmu da yawa suke yaudarar kansu ba su sani ba, shi ya sa zan ɗan tsaya a kai.

Ga misali. A ce a farkon 2023 ka sayi mota dala 60,000, lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji. Ka biya naira miliyan 45 ke nan. A 2024 dala ta haura naira 1,500, ka sayar da motar naira miliyan 60. Abokai za su taya ka murna, wai ka hau mota shekara guda ka kuma ci ribar miliyan 15. To mayar da miliyan 60 ɗin dala: 40,000 ce. Kashi ɗaya cikin uku na uwar kuɗinka ya tafi. Ranar da ka je sayen irinta za ka gane, domin kuɗin hannunka ba zai kawo ta ba.

Motar daga waje ta zo, tayarta daga waje, birkinta daga waje. Saboda haka a shafin farko na littafinka ka rubuta farashin saye da dala, da canjin ranar. Duk wani babban gyara ma ka mayar da shi dala. Ranar sayarwa ka sake yin haka, sai gaskiya ta fito.

4. Lambar shasi kafin kafin-alƙalami

Kusan kowace mota tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka ɗauki hotonta da kanka, kada ka dogara da wadda aka turo maka ta WhatsApp. In motar daga Amurka ta fito, ka biya kuɗin rahoton Carfax ko AutoCheck. Sannan ka saka lambar a Google. Motoci da dama da ke shigowa an sayo su ne a gwanjon Copart ko IAAI bayan haɗari, kuma hotunansu na ranar gwanjo sukan zauna a intanet: goshi a murƙushe, jakar iska a fashe. Motar da inshora ta riga ta yanke wa hukuncin cewa gyaranta bai biya ba, wannan tabon zai bi ta har abada, kuma mai saye na gaba zai duba kamar yadda ka duba.

Wadda ruwa ya ci ta fi muni. Guguwar Ian ta nutsar da motoci masu yawa a Fulorida a 2022, ambaliyar Afrilun 2024 ma ta yi haka a Dubai. Irin wannan mota tana tashi lafiya yau, bayan wata shida wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki. Ka rufe ƙofofi da gilasai na ɗan lokaci a rana, sannan ka buɗe ka shinshina. Warin danshi, ko turaren da aka fesa fiye da ƙima, alama ce. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasan ƙafar direba. Ka haska tocilan a ƙarafan da kujera ke zamewa a kai, ka nemi tsatsa. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai zanen da ruwa ya bari. In ka samu busasshen taɓo a lungun but, ka yi sallama ka tafi, kome arhar da aka yi maka.

5. Kowane samfuri da ciwonsa

Kafin ka je dubawa, ka karanta sanannen ciwon motar. Porsche 911 da Boxster da Cayman na ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2008 suna da wani boris a cikin inji da ake kira IMS, wanda in ya lalace yakan tafi da injin gaba ɗaya. Daga samfurin 2009 an sake fasalin injin, matsalar ta kau, kuma Turbo da GT3 dama ba su da ita. Ka tambayi mai motar ko an canza shi, ya nuna maka rasit. Ferrari F355 kuwa, sai an sauke inji dungurungum kafin a canza bel ɗinsa, kuma aikin na dawowa ne bayan 'yan shekaru. Duk wanda ya san wannan zai rage shi daga farashi, kai ma ka rage.

Ka leƙa ta tsakanin ƙarafan wili. A Porsche, in ka ga maƙallan birki launin rawaya, yawanci faifan yumbu da kabon ne. Yana daɗewa, amma canza saitin yakan kai kuɗin wata ƙaramar motar. A gefen taya kuma akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, sai ka saka kuɗin sabon saiti a cinikin.

Ka tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, mai kwamfutar da ke karanta irin motar. A Porsche mai giyar hannu, kwamfutar na ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce wa injin iyaka. Ka kuma sa a auna kaurin fenti da ɗan mitan da ake ɗorawa a bodi. Inda lamba ta yi tsalle, an yi ciko a wurin. Mai motar da ya hana a yi wannan bincike ya riga ya ba ka amsa.

6. Za ta iya zama a garinku?

Motar tsere a ƙasa take sosai. Tudun rage gudu ɗaya a unguwa ya isa ya tsage mata leɓen gaba. Wasu suna da maɓallin ɗaga goshi, kuma a nan wannan maɓalli ya fi kowane ado amfani, mai saye na gaba ma zai neme shi. Ka bi hanyar gidanka zuwa wurin aiki da idon motar kafin ka saya.

Sai mai. Porsche na ba da shawarar fetur mai ƙarfin okten 98 ga 911, alhali wanda aka saba samu a gidajen manmu bai kai haka ba. Injin zai rage ƙarfinsa don ya kare kansa, amma a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato wahala yake sha. Ka san inda za ka riƙa samun mai mai kyau tun yanzu.

Sai mai gyara. In babu wanda ya san motar a kusa, kowace 'yar matsala sai an ɗora ta a babbar mota zuwa Abuja ko Legas, a jira kaya daga Jamus ko Dubai. A ganina wannan ne ya sa Mustang, Challenger da Mercedes-AMG suka fi sauƙin riƙewa a nan fiye da Maserati ko McLaren: ana samun kayansu, bakanikai sun saba da danginsu.

Kada arha ta ja ka ga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Wadda aka juya wa sitiyari kuwa ta riga ta rasa da yawa daga masu sayenta.

7. Takardun kwastam

Ka karɓi takardun fito, ka je ofishin kwastam da kanka a tabbatar maka cewa an biya cikakken kuɗi, kuma lambar shasin da ke takarda ita ce ta jikin mota. Motar da ba ta da wannan ana iya ƙwace ta a hanya, mai hankali kuma ba zai saye ta daga hannunka ba.

8. Riƙe ta yadda mai saye zai so ta

Daga ranar farko ka buɗe fayil. Rasit ɗin kowane juye, kowace taya, kowane batir, da kwanan wata da kilomita. Motoci biyu iri ɗaya, mai fayil takan riga fita kuma da farashi mafi kyau.

Ka bar ta yadda kamfani ya yi ta. Salansa mai ƙara, rage tsayi, taɓa kwamfutar inji don ƙarin gudu, duk kuɗi ne za ka kashe don ka rage mata daraja. In dole sai ka canza wani abu, ka adana na asalin a sito. In launi kake sha'awa, ka sa leda a kan fenti maimakon sake fesawa. Baƙi, fari, toka da azurfa sun fi saurin samun mai so.

Ajiye ta a inuwa, domin ranarmu na fasa fatar kujera da dashbod. Kuma kada ka kulle ta wata da watanni wai don kilomita kada ta ƙaru. Batir zai mutu, robobi su bushe, mai ya lalace a tanki. Ka fita da ita ko sau ɗaya a mako har injin ya yi zafi sosai. Inshora kuma ka yi cikakkiya, domin fitilar gaba guda ɗaya ta irin wannan mota ba ƙaramin kuɗi ba ce.

9. San mai sayenta tun kafin ka saya

Corolla in ka sa ta kasuwa da safe, kafin la'asar an taya. Motar tsere ba haka take ba. Masu iya sayenta kaɗan ne, yawancinsu a Abuja da Legas, kuma sun san farashin Dubai. Tana iya yin kwantai na watanni, kana biyan inshora tana ƙara tsufa.

Don haka ka kira dillalai uku masu harkar irin waɗannan motoci, ka tambaye su: in na kawo muku wannan samfurin yau, nawa za ku ba ni kuɗi hannu, kuma wata nawa irinta ta ƙarshe ta yi a wurinku kafin ta fita? Amsa mafi ƙanƙanta ita za ka rubuta. Cire ta daga farashin saye, ƙara kuɗin gyara da inshora da taya na shekarun da kake niyyar riƙe ta, ka raba da yawan watannin. Abin da ya fito shi ne hayar da za ka riƙa biya duk wata. In aljihunka zai ɗauka ba tare da ka taɓa jarin kasuwa ko kuɗin makarantar yara ba, bismillah. In ba zai ɗauka ba, ka sauko zuwa Cayman ko Mustang GT ka sake lissafin.

Lokacin sayarwa kuma, ka fitar da ita kafin babban sabis na gaba ya zo, tana da lafiya, ba lokacin da buƙatar kuɗi ta matso ka ba. Ka wanke ta, ka ɗauki hotuna da hasken safe, ka haɗa da hoton lambar shasi da na fayil ɗin rasit. Ka yanke la'adar dillali a rubuce kafin ka miƙa masa makulli, kuma kada motar ta bar hannunka sai ka ga kuɗin sun zauna a asusunka.