Lissafin Wutar Lantarki: Gargaɗi ga Magidanta da 'Yan Kasuwa

Duk shekara, da hunturu ya kama, sai jami'an kashe gobara su shiga rediyo suna roƙon jama'a a kan abu guda, wato a daina jibga wa soket ɗaya kayan wuta. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, inda shaguna dubbai suka zama toka, ba ya buƙatar a gaya masa nauyin wannan roƙo. Sai dai roƙo ba ya zama a zuciyar wanda bai san dalili ba. Dalilin kuwa lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi.

Ku duba tankin ruwan da ake ɗorawa a bisa gini. Gwargwadon tsayin da aka kai shi, gwargwadon ƙarfin da ruwa ke sauka da shi. Wannan ƙarfin turi shi ne bolt, kuma wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce. Yawan ruwan da ke bi ta bututu shi ne amfiya. Bututu kuwa, in mai faɗi ne ruwa ya wuce salin-alin, in siriri ne ko ya yi tsatsa sai ya riƙa turjewa, mai bokiti ya gaji da tsayuwa. Wannan turjiya da om ake auna ta, sunan wani malami Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idarta a 1827. Amma fa bututu in ya turje haƙuri kawai yake jawowa. Waya in ta turje zafi take yi.

Ƙa'idojin biyu ne. A ninka bolt da amfiya, a sami wat, wato ƙarfin da na'ura ke ci. A raba bolt da amfiya, a sami om. Dutsen guga mai wat 1,000, in an raba da 230, yana jan amfiya 4 da 'yan kai. A raba 230 da wannan, turjiyarsa ta kama wajen om 53.

To, yanzu ga inda ake halaka. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi, iyakarsa amfiya 13. A ninka 13 da 230, ya ba da wat 2,990, a ce 3,000. Abin da soket ɗaya zai ɗauka ke nan, ko da an jona masa ekstenshan mai rami goma. Ramukan ba izini ba ne. Cajar waya huɗu ba sa cin wuta sosai, babu laifi. Amma uwargida ta sa butar lantarki mai wat 2,000, ta sa hita mai 1,500 a bokitin wankan yara saboda sanyi, maigida ya zo da dutsen guga mai 1,000 zai goge rigar Juma'a. Jimla 4,500 ke nan, kusan amfiya 20 a hanyar da aka yi wa 13. Ekstenshan mai araha, mai waya siririya, ko 13 ɗin ma ba ya ɗauka. Kuma zafin waya ba ya hawa a hankali: in amfiya ta ninka biyu, zafi huɗu yake ninkawa.

Akwai kuma haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ko fulogin da ke rawa a soket. A ce wannan wuri yana da turjiyar om 1 kacal, kuma amfiya 10 ke bi ta cikinsa. Bolt 10 za su zube a nan, a ninka da amfiya 10, ga wat 100. Zafin babban ƙwan fitila na da ke nan, wanda ba a iya taɓawa da hannu, ya taru a ɗan wuri guda a bayan labule ko ƙarƙashin dilar atamfa.

Domin haka aka sa fis. Siririyar waya ce da aka yi ta don ta narke kafin wayar gida ta kama. Amma me muke yi? Fis ya ƙone, maimakon a tambayi abin da ya ƙone shi, sai a cusa masa waya mai kauri, a ce an gyara. Wallahi wannan ba gyara ba ne, ganganci ne. Mai yin haka kada ya zo gobe yana cewa ƙaddara ce. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta barci, ya kuma tsananta a kan haƙƙin maƙwabci. Ɗan kasuwar da aka ɗauke wa wuta da la'asar, ya rufe shago ya bar hita a jone, a kawo wuta da tsakar dare, shin shagonsa kaɗai zai ƙone? Wa zai biya marayun da jarinsu ke rumfar kusa da shi?

Kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a gindi ko a baya, da harafin W. A karanta, a tara, in ya doshi 3,000 a raba wa soket biyu. Fulogin da ya yi zafi ko ya fara baƙi a canza shi ranar.

Sauran a taƙaice. Kada a taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu. Kada a sa hannu a bokiti hita na ciki. Satar wuta daga turke haramun ce, kuma tana kisa. Kada a jona janareta ba tare da an raba gida da layin gari ba. In wuta ta tashi daga waya, a fara kashe babban makunni, a zuba yashi, kada a watsa ruwa, sannan a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112.