Hazo da Tarin Sahun Asuba



Kwanakin nan a sallar Asuba, tari har danne karatuna yake yi. Hazon nan ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Manyan ƙwayoyinta hanci na tarewa. Ƙananan ne ke shigewa can cikin huhu, su tayar da asma, su wahalar da zuciya, balle ga dattawa masu hawan jini.

Wani ya ce min: "Malam, ai rufe baki a sallah makaruhi ne." Haka ne, amma lalura tana ɗauke karhanci, sa takunkuminka. Wanda numfashi ke sarƙe masa ya yi sallarsa a gida, yana da uzuri. Masu sharar masallaci kuma, don Allah a yayyafa ruwa tukuna.

Wallahu a'alam.