Kuɗin Ajiya Ba Riba Ba Ne: Darasi Daga Hayar Motar Kwana

Da yawa daga cikinku sun tambaye ni game da sana'ar da nake yi a Glasgow, wato bayar da hayar motar kwana, irin wadda ke da gado da murhu da tankin ruwa a ciki, matafiyi ya tuƙa ta da rana ya kwana cikinta da dare. Motoci biyu ne gare ni, kuma yawancin masu haya kan nufi arewacin Sikotlan, su bi hanyar nan ta North Coast 500 da aka ƙaddamar a 2015, mai tsawon mil 516, wadda ke farawa daga Inverness ta sake komawa can.

Abu na farko da mai sha'awar sana'ar zai sani shi ne kasuwarta ta lokaci ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba ake samun masu haya; da hunturu ya shigo sai motar ta zauna, amma kuɗin inshora da na wurin ajiye ta ba sa tsayawa. Abin da aka samu a wata bakwai shi zai ɗauki nauyin wata goma sha biyu.

Na biyu, sharuɗɗan hukuma. Inshorar motar gida ba ta wadatarwa, sai an yi ta musamman ta bayar da haya. Lasisin tuƙi na gama-gari a Birtaniya ya tsaya ne a kan mota mai nauyin kilo 3,500, saboda haka kada a sayi wadda ta haura hakan. Kafin miƙa makulli, mai haya zai kawo lambar tantance lasisi daga hukumar DVLA, wadda ke aiki kwana 21. A sa ƙwararre mai rajista ya duba bututun gas kowace shekara, a kuma maƙala na'urar gargaɗi saboda iskar nan mai kisa da ba ta da wari. Tun Yunin 2023 kuma ana cin tarar tsofaffin motocin dizal da suka shiga tsakiyar Glasgow, sai waɗanda suka kai matakin Euro 6.

Duk wannan ana iya koyonsa cikin mako guda. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kuɗin ajiya, wato fam 500 da nake karɓa in riƙe har motar ta dawo lafiya.

A shekarata ta farko wani dattijo da matarsa suka dawo da mota, sai na ga ƙarzuwa doguwa a gefen hagu. Hanyoyin arewa ƙanana ne, wasu mota ɗaya kawai ke iya bi, don haka ban yi shakkar cewa shi ya goge ta da dutse ba. Ya rantse haka ya karɓe ta. Na cire fam 200, ya tafi bai ƙara cewa uffan ba. Bayan mako biyu ina duba tsofaffin hotuna a wayata, sai ga ƙarzuwar nan a hoton da na ɗauka kwana uku kafin zuwansa. Na mayar masa da kuɗinsa tare da neman afuwa, amma bai sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na ba wani malaminmu labari, sai ya tuna mini hukuncin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid tun muna yara: wanda ya yi hayar kaya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa, kuma maganarsa ake karɓa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Biya na hawa kansa ne idan ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Ni kuwa na juya al'amarin, na ɗora masa nauyin wanke kansa.

Tun daga ranar na sauya tsari. Nakan zagaya motar tare da mai haya, mu ɗauki hoton kowane gefe har da rufi, mu sa hannu mu biyu. Nakan nuna masa bakin tankin ruwa da na dizal, domin zuba ɗaya a mazubin ɗaya kuskure ne mai tsada. Na rubuta tsayin motar a gaban direba saboda ƙananan gadoji. Takardar yarjejeniya ta bambance lalacewar tsufa, wadda ke kaina, da ta ganganci, wadda ke kansa. Kuɗin ajiyar kuma yana zama a asusu dabam, ba na taɓa shi ko da bakanike na jirana.

Duk wanda zai shiga wannan sana'a ya yi lissafinsa ba tare da kuɗin ajiya ba. Idan ribar ba ta fita sai an haɗa da shi, to sana'ar ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna. Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya sa albarka a nemanmu.