Kula Da Sarƙar Taimin A Injin Tsohuwar Mota

Tun daga 1975, lokacin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, ƙirar 504 ta zama abin hawan ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobin haya. Ko da yake an daina harhaɗa ta, har yanzu akwai waɗanda da ita suke ciyar da iyali. Saboda haka ake jawo hankalin masu tsofaffin motoci ga wani sashe na inji da ido ba ya gani, watau sarƙar taimin.

Aikinta

Sarƙar tana gaban inji, a bayan murfi. Ita ce take haɗa kirankishaf, wanda fistin ke juyawa, da kamshaf, wanda ke buɗe bawul yana rufewa. Duk juyi 2 na kirankishaf, kamshaf yakan yi 1. Muddin wannan lissafi ya kauce, inji ba zai shaƙi mai ko ya fitar da hayaƙi a kan kari ba.

Kusa da ita akwai tenshina, wadda ke danne sarƙar don kada ta yi sako-sako. A injin fetur na 504, ƙarfin baƙin mai ne ke tura ta. Ashe ke nan, wanda ya bar baƙin mai ya ƙare ko ya yi dauɗa, ya cuci sarƙar da tenshina gaba ɗaya.

Alamun Lalacewa

Da tafiya ta yi tafiya, mahaɗan sarƙar sukan cinye, sai ta ƙara tsawo. Alama ta farko ita ce ƙarar kacau-kacau daga gaban inji, musamman da an tayar da mota da safe. Daga nan sai wuyar tashi, da raguwar ƙarfi a hawa, da yawan shan mai. In aka yi sakaci, sarƙar tana iya tsallake haƙori ko ta tsinke, mota ta mutu a tsakiyar daji. A wasu injuna ma fistin yakan doki bawul ya lanƙwasa shi, gyaran yini ɗaya ya koma sauke inji.

Abin Da Ya Kamata

1. A duba baƙin mai kowace safiya. A canja shi tare da matatarsa a kan lokaci, misali bayan kilomita 5,000 inda ƙura ta yi yawa.

2. Da an ji ƙara, a kai wa makanike ya buɗe murfi ya duba.

3. In za a canja, a canja sarƙar da giyoyinta da tenshina a lokaci guda, domin haƙoran da suka cinye sukan lalata sabuwar sarƙa.

4. A tabbata makanike ya daidaita alamun taimin, ya juya inji da hannu kafin a tayar.

5. A guji jabun kaya, gama araha ba ta ado.

Kuɗin sarƙa bai kama ƙafar kuɗin inji ba, balle ran fasinjan da mota ta tsaya da shi cikin dare.