Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Alƙali da Masu Shari'a

Shari'a iri biyu ce. Akwai ta laifi, kamar sata, akwai kuma ta haƙƙi, wato ƙarar bashi, gona, gado ko aure. Wannan ta biyun ba ta tafiya daidai sai alƙali da masu shari'a sun haɗa kai bisa gaskiya.

Dalili kuwa shi ne, alƙali ba ya nan aka yi ciniki. Abin da aka kawo gabansa da shi zai yi hukunci. A shari'ar Musulunci mai ƙara ne ke kawo shaidu, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa. To, in mai ƙara ya sayi shaida, ko wanda ake ƙara ya rantse kan ƙarya, an ɓatar da alƙali, haƙƙi ya salwanta.

Mu dubi ƙasar Bagudo, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Benin. Mutanen Tsamiya da na Segbana suna ciniki da juna, wani da naira, wani da sefa, sau da yawa ba takarda sai amana. In bashi ya jawo ƙara, wanda ake bi ya tsallaka iyaka, ɗan sammaci ba shi da ikon bin sa can. Amma fa ya kashe kasuwarsa, don gobe ba mai ba shi kaya. Mutumin kirki yakan amsa sammaci, ya faɗi abin da ya sani, ko da a kansa ne.

Shi ma alƙali da nasa nauyin. Wajibi ne ya daidaita masu shari'a wajen zama da saurare, ya nemo tafinta ga wanda ba ya jin Hausa, ya gwada sulhu, ya guji cin hanci da yawan ɗaga shari'a. Kafin hukunci yakan yi i'izari, wato ya tambayi mutum ko yana da sauran magana. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara har Birnin Kebbi.

Saboda haka, mu da za mu zama alƙalai da shaidun gobe, mu saba da faɗin gaskiya tun daga makaranta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.