Darasin Wannan Fitowa: Yadda Za Ku Rubuta Labarin Abin Da Ya Faru Da Ku

Tun ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, da yaƙi ya ɓarke a Khartoum da Omdurman, iyalai da yawa suka fito ba takardun gida, ba hotuna. Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin kai, shi kuwa kai yana mantuwa. Yaron da aka goyo aka fito da shi, wata rana zai tambaya: ina ne gidanmu?

Akwai salon rubutu da ake kira rubutun gaskiya mai armashi. Labari ne da ya faru da gaske, a tsara shi yadda zai yi daɗin karatu, amma ba a ƙara masa gishiri.

Ba sabon abu ba ne a Sudan. Babikir Badri, wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ya yi yaƙi cikin rundunar Mahadi, an kama shi fursuna a Masar, ya kuma ga yaƙin Karari na 1898. Da ya tsufa ya rubuta Tarikh Hayati, bai ɓoye tsoronsa da kurakuransa ba, shi ya sa ake gaskata shi. A ƙasar Hausa kuma, Baba ta Karo ba ta yi boko ba. Da baki ta ba Mary Smith labarinta, aka buga shi a 1954. Ke nan rashin iya rubutu ba ya hana kaka ba da nata.

Ga matakai biyar:

1. Ku ɗauki rana ɗaya tak. Ranar fitowa daga gida ta isa farawa.

2. Ku faɗi abin da ido ya gani. Maimakon "mun sha wahala", ku rubuta abin da kuka ci, nawa kuka biya mota, wa ya ɗauki jariri, me aka bari a kan murhu.

3. Ku raba "na gani" da "an ce". Idan kun manta kwanan wata, ku jingina shi da abin da kowa ya sani, kamar ƙaramar Sallah ko rushewar gadar Shambat a Nuwamba 2023.

4. Kada ku tsaya kan yaƙi kaɗai. Ku rubuta unguwarku kafin yaƙi, cinikin Suk Libya, maƙwabta, da takiyar da ta ciyar da ku.

5. Ku kare mutane. Ku sauya sunan duk wanda ambatonsa zai jefa shi cikin haɗari, ku kuma nemi izini kafin ku rubuta sirrin wani, musamman mata.

Wannan rubutu naku ne, ba takardar rajista ba ce, ba kuma sharaɗin samun taimako ba ne. Wanda tuna baya ya yi masa nauyi, ya dakata, kada a tilasta masa.

Aikin gida: yau da daddare, ɗalibi ɗaya a kowane gida ya zauna da babba, ya tambaye shi yadda ƙofar gidansu take, ya rubuta shafi ɗaya da Hausa ko Larabci, da boko ko ajami. A sa kwanan wata, a ɗauki hotonsa a waya, a adana takardar cikin leda saboda ruwa.